Tambaya da amsa: Zuciyata tana tsallake bugu, an ce mini ulsa ce

Tambaya: Likita, shekarata 47. Wata biyu ke nan in na kwanta sai in ji zuciyata ta tsaya cak, sannan ta buga da ƙarfi kamar an doki ƙofa. Mai kemis ya ce ulsa ce. Tsoro ya hana ni barci.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta ya fi kama da bugun da ya riga lokacinsa: zuciya ta ɗan dakata, ta cika da jini, na gaba ya zo da nauyi. In zuciyar lafiyarta ƙalau, yawanci ba ya cutarwa. Goro, shayi mai kauri, lemon ƙara kuzari, rashin barci da ƙarancin jini duk suna tayar da shi.

Amma maganar ulsar nan ta ishe ni. Duk abin da ya motsa tsakanin wuya da cibiya, a wajenmu ulsa ne. Da me mai kemis ya gano? Ya taɓa hannunka ya ƙirga bugun? Akwai nau'in rikicewar bugu da ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa, jini ya kwanta ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Wannan yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. An sha kawo mana dattijo baki a karkace, 'ya'yansa riƙe da leda cike da kwalaben farin maganin ulsa, shekara guda yana sha. A ce wai ya daina yaji, ya daina tsami. Yajin me? Ciwon da da an kama shi da wuri, maganin hana jini daskarewa zai iya tare shi.

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga na minti guda. Daga 60 zuwa 100, a jere, shi ne daidai. In ka ji shi barkatai babu tsari, je asibiti a yi maka ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya. Kada ka saki jiki don ya fito lafiya, daƙiƙa 10 kacal yake ɗauka. Akwai na'urar da ake maƙala maka ta awa 24 tana naɗar bugun. A duba jininka da maƙoƙo.

In kuwa da suma, ciwon ƙirji, haki ko kumburin ƙafa, ko wani naku ya taɓa faɗuwa ya rasu yana matashi, kada ka jira gari ya waye.