Baba Ya Jingine Sanda, Ni Kuwa Hankalina Bai Kwanta Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana da shekara 74, a Gwammaja muke. Da damina santsi ya kwashe shi a wajen alwala, Allah ya tsare bai karye ba. Wata biyu ke nan yana zuwa gashin ƙashi a asibiti, yana kuma motsa jikin da aka koya masa. Yanzu ya ce ya warware, ya jingine sanda, zai koma fita sallar Asuba shi kaɗai. Yaya zan gane da gaske ƙafar ta dawo?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Daɗewata a ɗakin gashi ta koya min cewa dattijo ba ya cewa "na gaza" a gaban 'ya'yansa. Don haka bar tambayarsa, auna shi za ki yi.

Samo kujera mai ƙwari, ba ta robar nan mai zamewa a kan tayil ba, ki jingina ta da bango. Auna mita 3 daga gabanta, ki ja layi da gawayi. Ya zauna da takalmin da ya saba sawa. Ki ce "Bismillah, Baba", ki danna agogon wayarki: ya tashi, ya taka zuwa layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Sa ido a wajen juyawar, nan asiri ke tonuwa. Sai kuma ya tsaya kusa da bango, ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, a ga ko zai kai sakan 10. Ki riƙa rubutawa duk sati biyu, kujera ɗaya, lokaci ɗaya.

Sai dai duk wannan tafiya ce da ya shirya mata, tuntuɓe kuwa ba ya sallama. Abin da ya fi damuna shi ne me ƙafarsa za ta yi idan ya yi taga-taga. A asibiti nakan tsaya bayan mutum, in dafa allon kafaɗunsa, in ce ya jingino har nauyinsa ya dawo hannuna, sannan in sake shi ba zato, in ƙirga taku. Wanda ya jefa ƙafa taku ɗaya mai faɗi ya tsaya cak, madalla. Mai 'yan ƙananan taku uku ko huɗu, da sauran aiki. Wanda ƙafar ba ta ma motsa ba, sai na tare shi, wannan ba a barinsa shi kaɗai. Haka muke yi ta gaba da ta gefe, kuma na fi tsoron ta gefen, domin faɗuwa a kan ƙugu ita ta fi kawo karaya.

Na taɓa auna wani tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya gama gwajin kujera cikin sakan 10 yana min dariya. Da na sake shi ta gefen hagu, ƙafafunsa suka harɗe, sai ji na yi ya damƙi wuyan rigata. Dariyar ta tsaya, amma daga ranar bai ƙara fashin zuwa ba.

Wannan gwajin na sakin mutum ba zato kada ki kuskura ki yi shi a gida. Ki roƙi mai yi masa gashi ya yi, ko ku je sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, ga shi kusa da ku, ko na Malam Aminu Kano. Ku tafi da magungunansa, don wasu na hawan jini kan sa jiri idan an miƙe farat ɗaya. Ya riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ya tashi.

Kafin nan, duhun Asuba da kwatar lungu ba na mutum ɗaya ba ne. Haɗa shi da jika da tocila. Kada ki ce rakiya ce, ki ce yaron ne ya fara makara, kina so Baba ya riƙa jan sa sahu.