Kafin ka sayi katakon kabon, fara gyara lup ɗin

Ɗan'uwa, ka ce a wasan ƙwallon tebur in aka yanko maka ƙwallo ka yi lup, wato bugun da ke sa ta juyin gaba, sai ta faɗa raga, in ka ƙara ƙarfi kuma ta tsallake tebur, shi ya sa kake tunanin sayen Viscaria, katakon bat mai fallen kabon a ciki, da robar Tenergy 05. Shawarata ka dakata tukuna.

Lup shafa ce, ba duka ba. Ƙwallon da aka yanko da baya take juyawa, tana taɓa roba ƙasa za ta nema. Sai ka rage tsawo, ka sauke bat ɗin wajen gwiwar dama in da dama kake wasa, nauyinka a kan wannan ƙafar, ka bari ƙwallon ta fara saukowa, sannan ka taso da ƙafa da ƙugu, hannu ya biyo baya, ka shafe ta sama. Ka kasa kunne. In ka ji "ƙwas", katako ne ya doke ta. Lup na gaske ƙararsa siririya ce, ƙwallon ta lanƙwasa a kan raga, tana dira ta zabura. A shekarun da na yi ina wasan nan, yawancin masu irin matsalarka a miƙe suke tsayawa, kafaɗa kaɗai ke aiki.

In kuwa da juyin gaba ta zo, rufe bat ɗin, wato ka ɗan karkato fuskarsa ƙasa, ka tura gaba.

Kabon yana saurin sakin ƙwallo, kai kuma yanzu so kake ta ɗan zauna a kan roba ka ji ta. Nemi katako zalla mai falle biyar, irin Stiga Allround Classic, ka sa masa robar Mark V ko Sriver, soson da ke ƙarƙashin robar ya kasance milimita 1.8 ko 2.0. Gaskiya tun da aka ƙara girman ƙwallo zuwa milimita 40 a 2000, aka kuma koma ta filastik a 2014, juyi ya ragu, manya suka karkata ga kaya masu tauri. Amma su kullum suna atisaye. Robar Hurricane 3 da aka san gwanin ɗan wasan China Ma Long da ita tana da danƙo sosai, sai dai sosonta tauri gare shi, in ba da dukkan jiki ka buga ba, ƙwallon ba ta tafiya.

Don Allah ka riƙa goge robar da ɗan ruwa bayan wasa ka rufe ta, ƙura na kashe kamunta. Sannan ka samu wanda zai cika kwando da ƙwallaye ya dinga yanko maka ɗaya bayan ɗaya, kana ɗagawa a hankali, sai ta daina faɗawa raga kafin ka ƙara gudu.