Katin tallafin abincina ya ɓata a Bronx, lambar sirrin kuma tana cikin jakar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, da yara uku. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga cefane, na duba ban ga ƙaramar jakata ba, katin fud stam ɗinmu kuma yana ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lambar sirrin ma tana cikin jakar, a rubuce a 'yar takarda, don babbar 'yata ce ta zaɓa mini ita, ni kuwa ba na iya riƙewa. Yau kwana uku ke nan ina ta nema ban gaya wa hukuma ba, saboda wata maƙwabciyata ta ce in na kai rahoto za su rufe mini fayil, sai na sake cike takardu daga farko. Da sauran kuɗi a ciki, na wata mai kamawa ma sun kusa shiga. Yaya zan yi in samu wani katin, kuma yaya ake canza lambar tunda ni ban ma tuna ta ba?

Wata uwa, daga Bronx

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Ina roƙonki, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki ɗauki waya ki kira 1-888-328-6399. Layin masu katin EBT ne, wato katin tallafin abincin nan, na jihar New York, kyauta ne, kuma dare da rana yana aiki, har Asabar da Lahadi. Na'ura ce za ta fara amsawa, za ta nemi doguwar lambar da ke gaban katin. Tunda ba ya hannunki, kada ki kashe wayar. Ki tsaya a kan layi har ta kawo zaɓin masu rahoton ɓata ko satar kati. Ki ajiye ranar haihuwarki da lambarki ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, da lambar unguwa, wato zip kod, a kusa, don da irinsu ake tabbatar da cewa mai katin ce ke magana. In Turancin na'urar ya yi miki sauri, 'yarki ta zauna kusa da ke ku yi tare.

Ga dalilin da ya sa nake gaggauta ki. Tallafin nan da har yanzu mutanenmu ke kira fud stam, wanda aka sauya wa suna zuwa SNAP a 2008, kuɗin gwamnatin tarayya ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ta Amurka, jihohi ne kawai ke raba shi. Ƙa'idar tarayyar ta ce da zarar mai kati ya kai rahoton ɓata, nan take a toshe katin, kuma duk abin da aka cira bayan wannan lokacin, jiha ce za ta biya. Abin da aka cira kafin rahoto kuwa, da kati na gaske da lambar sirri ta gaske, ana ɗaukarsa tamkar ke kika kashe, ba a mayarwa. Wato mintin da kika yi kiran nan shi ne iyaka tsakanin asarar da za ta hau kanki da wadda za ta hau kan hukuma. Kwana ukun da suka wuce sun wuce, sai addu'a Allah ya sa jakar ta faɗa hannun mai tsoron Allah. Amma kada a ƙara na huɗu, musamman da kika ce kuɗin sabon wata sun kusa shiga. A birnin New York ana zuba kuɗin ne a ranaku daban-daban cikin makonni biyun farko na wata, gwargwadon lambar fayil ɗin mutum, kuma wanda ke riƙe da katinki da takardar nan, waya ɗaya zai buga ya ji abin da ke ciki.

Idan kin gama kiran, ki rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa kika kira. In kin yi magana da mutum, ki rubuta sunansa. Ranar da gardama ta taso a kan ko an cire kuɗi kafin rahoto ne ko bayansa, wannan 'yar rubutun za ta tsaya miki. Kina kuma da haƙƙin neman a saurari ƙararki, abin da suke kira Fair Hearing, cikin kwana 90.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba haka ba ne. Kuɗinki ba a cikin robar nan suke ba. Suna cikin asusu a kwamfutar jiha, katin mabuɗi ne kawai. In mabuɗin ɗaki ya ɓata, kwado ake canzawa, kayan ɗaki suna nan inda suke. Neman sabon kati ba sabuwar buƙatar tallafi ba ce: ba a sake tantance ki, ba a rage miki ko sisi, ba a taɓa fayil ɗinki, ba a kuma neman takardar 'yan sanda. Duk abin da ya rage a asusun, da wanda zai shigo, sabon katin zai tarar da shi. Wataƙila abin da ta ji shi ne batun masu yawan neman kati. Ƙa'ida ta ce idan gida ya nemi kati karo na huɗu cikin wata 12, za a aiko masa da wasiƙar cewa ana sa ido a kan asusun, saboda akwai masu sayar da kati su dawo su ce ya ɓata. Ke da wannan ne na farko, babu ruwanki da wannan.

Ƙa'idar ta kuma wajabta wa jiha ta sa sabon kati a gidan waya, ko ta tanade shi a zo a karɓa, cikin ranakun aiki biyu daga rahoto. Tafiyarsa a hanya ce ke cin lokaci, yakan kai mako guda zuwa kwana goma. A nan ne na fi ganin mutanenmu suna shan wahala a wurin da nake aikin taimaka wa baƙi da takardunsu. Katin yana zuwa ne adireshin da ke cikin fayil, mu kuwa mutane ne masu yawan ƙaura, yau ana ɗaki a gidan ɗan'uwa, gobe an samu wani wuri, ba a sanar da ofis ba. Sai a zauna ana jiran kati, shi kuwa yana can tsohon gida a hannun wanda ba a sani ba. Don haka ki tambaya wane adireshi suke da shi. In ba daidai ba ne, ki gyara a wurin HRA, hukumar da ke kula da tallafin a birnin, ko ta manhajarsu ta ACCESS HRA ko ki je da kanki. Sannan ki sauka ƙasa ki duba akwatin wasiƙunku, ki tabbata sunanki yana jiki, yadda yake a rubuce a fayil, ba sunan da ake kiranki da shi a gida ba. Ambulan ɗin da katin ke zuwa a ciki ba shi da wani ado, yara na iya haɗa shi da takardun talla su zubar. Ki gaya musu.

In tukunya ba za ta iya jiran kwana goma ba, kada ki zauna. Ki ɗauki shaidar da ke da hotonki ki je ofishin HRA mafi kusa, ki ce katinki ya ɓata kuma babu abinci a gida, ki nemi a ba ki kati a hannu ko a tura ki inda ake bugawa. Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne kuma ba a biya. Ki ce Hausa kai tsaye, suna da masu fassara ta waya. In kina jin Faransanci, yana cikin harsuna goma da dokar birnin ta 2017 ta wajabta a riƙa fassara muhimman takardu a cikinsu. Wani abu kuma da ake mantawa: a New York, in kina da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko tallafin tsabar kuɗi, yawanci wannan katin ɗaya ne ke ɗauke da su duka. In akwai mai shan magani a gidan, ki faɗa musu, don dalili ne mai ƙarfi na a hanzarta.

Yanzu lambar sirri, wadda suke kira PIN. Mantuwar da kika yi ba matsala ba ce, domin ba a buƙatar tsohuwar kafin a sa sabuwa. Babu ma'aikacin da zai iya karanto miki ita ma, ba sa ganinta. Idan sabon kati ya iso, ki sake kiran layin nan, ki shigar da lambar gaban katin, ki zaɓi canza lambar sirri, ki amsa tambayoyin tantancewa, sannan ki danna sababbin lambobi huɗu sau biyu. Shi ke nan, ba ya ɗaukar minti biyar. Ana kuma iya yi ta manhajar ebtEDGE, wadda jihar ta koma kanta a 2024. Idan yaran ne ke da haƙƙin tallafin, ke kuma sunanki ne kawai a kan katin ba tare da lambar Social Security ba, na'ura na iya kasa tantance ki. Kada ki yi ta gwadawa, ki nemi magana da mutum ko ki sa lambar a ofis.

Abin da nake so ki riƙe da kyau: a jihohi da yawa tsohuwar lambar sirri tana bin sabon kati. Kada ki ce tunda 'yarki ta tuna ta sai a ci gaba da ita. Lambar da ta kwana a jakar da ta ɓata ta zama ta kowa, a binne ta.

Wace lamba za ki zaɓa? Ba 1234 ba, ba 1111 ba, jihohi da dama ma na'urarsu ta daina karɓar irin waɗannan. Ba shekarar haihuwarki ba, don tana kan katin shaidar da ke kwana a jaka ɗaya da katin abinci. Ba lambar gidanku ba. Kuma a wannan karon ke za ki zaɓa da kanki, domin lambar da wani ya zaɓa wa mutum ba ta zama a ka, shi ya sa aka kai ga rubutawa. Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa wurina, ya miƙo mini katinsa, na juya baya sai na ga lambobi huɗu a rubuce da biro a kan ɗan salatif. Na tambaye shi, ya ce jikansa ne ya sa masa, shi kuwa sau biyu yana jin kunya a gaban mai karɓar kuɗi, layi ya taru a bayansa, lambar ta ƙi zuwa. Muka zauna, na ce ya faɗa wa kansa, ba ni ba, wata lamba daga gida da ko cikin barci aka tashe shi zai tuna. Ya yi shiru, ya yi murmushi, ya ce akwai lambar motar da ya fara tuƙawa yana saurayi. Muka ɓare salatif ɗin a wurin. Ke ma kina da irin wannan: shekarar da mahaifiyarki ta sauke farali, ko ƙarshen lambar wayar wani naki na can gida. Abin da babu takardar da ke Amurka da ke ɗauke da shi. In dole sai an rubuta, takardar ta zauna a gida, kada ta taɓa haɗa jaka da katin. In kuma wata rana ta shige miki a kanti, kada ki yi ta dannawa da ka. Bayan kuskure uku ko huɗu, gwargwadon jiha, katin yana kullewa, a yawancin wurare sai bayan sha biyun dare yake buɗewa. Gara ki koma gefe ki kira ki sa sabuwa.

'Yarki da ke cikin fayil ɗin gidan tana iya zuwa cefane da katin, wannan halal ne a dokarsu. Maƙwabta da abokan arziki kuwa, komai amincinku, kada ki ba su lambar. In kina buƙatar wani na waje ya riƙa yi miki sayayya, a rubuta sunansa a ofis a matsayin wakilinki.

Akwai wata satar da ya kamata ki sani, wadda kati yana hannun mai shi ake yi. Yawancin katunan EBT har yanzu baƙin layin nan na baya suke amfani da shi, ba su da ɗan ƙarfen tsaro irin na katin banki, ko da yake Kalifoniya ta fara raba masu shi a 2025. Ɓarayi kan ɗora wata na'ura a kan injin biyan kuɗi na kanti, ta kwafi bayanan katin da lambar da aka danna, sai su jira ranar da kuɗi suka shiga su kwashe, sau da yawa daga wata jihar can daban. Majalisar dokokin Amurka ta amince a riƙa mayar wa mutane irin wannan kuɗin na satar da aka yi daga 1 ga Oktoba 2022, amma wa'adin ya ƙare a 20 ga Disamba 2024. Wannan abu yana ci mini rai, don waɗanda ake yi wa su ne marasa ƙarfi, uwa ta tashi da safe ta tarar da abincin wata guda ya tafi. Shi ya sa nake ce wa kowa ya canza lambar sirri kowane wata, kwana ɗaya kafin kuɗinsa su shiga. A manhajar ebtEDGE kuma akwai wurin kulle kati: ki bar shi a kulle, sai kin isa gaban mai karɓar kuɗi ki buɗe, kina gamawa ki mayar. Akwai kuma wurin hana amfani da shi a wajen jiha da ta intanet. 'Yarki ta saita miki a wayarki, ta nuna miki sau biyu ko uku, za ki iya. In za ki danna lamba, ki rufe da ɗaya hannun. Duk wanda ya kira ki ko ya turo saƙo wai katinki ya kulle, ki ba da lambar kati da ta sirri a buɗe miki, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan hukuma. Hukuma ba ta tambayar lambar sirri.

In Allah ya sa jakar ta dawo bayan kin kai rahoto, tsohon katin ya riga ya mutu, ba a farfaɗo da shi, ki sa almakashi ki yanka. In kuma akwai katin banki ko takardar zama a cikin jakar, kowanne da wurin da ake kai rahotonsa, ki fara da banki yau ɗin nan. Kafin sabon katin ya iso, ki kira 311 ki ce kina neman wurin rabon abinci mafi kusa da ke, ki kuma tambaya ko akwai mai ba da na halal. Ki yi wa limamin masallacinku ko shugabar matan unguwa magana su ma, kwana goma da yara uku ba abin da za ki ɗauka ke kaɗai ba ne. Allah ya rufa asiri, ya raya miki su.