An yi mini aiki a haihuwar fari, ko zan iya haihuwa da kaina a wannan karon?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara uku ke nan da aka yi mini aiki a haihuwata ta fari saboda yaron ya zo a zaune. Yanzu ina da ciki wata bakwai. Surukata ta ce idan na je asibiti, da sun ga tabon za su sake yanka ni, gara in zauna a gida a kira ungozomar unguwa. Har ta fara haɗa mini maganin zaƙi. Ni ma ina son in haihu da kaina, amma tsoro nake ji. Mene ne gaskiyar lamarin?

Wata 'yar'uwa daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Burinki ba mafarki ba ne. A cikin mata 4 da aka yi wa aiki sau ɗaya, aka bar su suka gwada naƙuda a ciki na gaba, kusan 3 suna haihuwa da kansu. Ke kuma abubuwa biyu sun tsaya miki. Na farko, dalilin da ya sa aka yi miki aikin ba a jikinki yake ba, kwanciyar yaro ce, kuma wannan cikin yana iya zuwa da kai. Da a ce ƙugu ne ya yi ƙanƙanta har kan yaro ya kasa wucewa, da lissafin ya bambanta. Na biyu, tazarar shekara uku ta ba tabon lokacin warkewa; waɗanda muka fi jin tsoro su ne masu haihuwa ƙasa da wata 18 bayan aiki.

Inda ba zan bi bayan Hajiya surukarki ba shi ne batun zama a gida, kuma ina roƙonki ki karanta wannan sashen da kyau.

Tabon da kike gani a mararki na fata ne. Akwai wani a jikin mahaifa, shi ne abin lura. Wurin da aka ɗinka ba ya komawa da ƙarfinsa na asali, kuma naƙuda ba komai ba ce face mahaifa tana matsawa tana saki na tsawon sa'o'i. A kamar mace 1 cikin 200 masu irin tabonki, ɗinkin yakan buɗe ana tsakiyar naƙuda. Adadin kaɗan ne, shi ya sa muke yarda a gwada. Amma idan ya faru, jini cikin ciki yake zuba inda ido ba ya gani, yaro kuma iskar da yake samu ta mabiyiya takan yanke, abin da ya rage masa mintuna ne. A asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye, ana iya ceto uwa da ɗa. A ɗaki, ƙarfe biyun dare, ana neman mai mota, ba a iyawa. Na sha karɓar irin waɗannan mata da asuba: tafin hannu fari fat, jiki ya yi sanyi, masu rakiya suna cewa ai naƙudar ma ta lafa tun ɗazu. Lafawar nan ita ce alamar mahaifa ta riga ta fashe. Ungozomar unguwa, komai ƙwarewarta da kyakkyawar niyyarta, ba ta da abin da za ta yi a wannan hali.

Saboda haka ba kowane asibiti ba ma. Ƙaramin asibitin unguwa ya isa awo, amma haihuwarki sai inda ake yin aiki dare da rana. Ki tambaye su kai tsaye: idan abu ya taso ƙarfe ukun dare, akwai likita da mai sa barci a kusa? Akwai jini?

Maganin zaƙi kuwa, ki yi wa Hajiya godiya ki ajiye shi. Wasu jiƙe-jiƙen suna sa mahaifa ta riƙa matsawa ba hutu, kuma babu mai auna ƙarfinsu. Abin da ya fi shi haɗari shi ne allurar naƙuda ko ƙwayar da ake sayowa a kemis a ba mace a gida don abin ya yi sauri. Ƙwayar nan, misoprostol, magani ce mai ceton rai idan an ba da ita bayan haihuwa don tsayar da jini, amma ko a asibiti ba ma amfani da ita wajen tayar da naƙuda ga mai tabo da cikinta ya isa haihuwa, saboda tana fasa mahaifa. Addu'a kam ki yawaita, ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana ta.

Me za ki yi daga yanzu? Ki nemo katin haihuwarki ta fari, ko ki koma inda aka yi miki aikin a duba fayil. Muna son sanin yadda aka yanka mahaifar. Yawanci a kwance ake yanka ta, can ƙasa, kuma wannan shi ne mai jure naƙuda. Idan a tsaye aka yanka ta ta sama, ba a gwada naƙuda sam. Kada tabon fata ya ruɗe ki, ba lallai ya yi daidai da na ciki ba. Sai hoton ciki, don a ga inda mabiyiya ta zauna. Idan ta tare ƙofar mahaifa, ko ta manne a kan tsohon tabon, to aiki za a shirya. Haka ma idan wajen mako na 36 aka ga wannan yaron shi ma a zaune yake ko a gicciye. Idan kwanciyar yaro ce dalili akan sa rana wajen mako na 39, idan kuma matsalar mabiyiya ce akan sa ta kafin nan, ki zo da ƙafarki, a yi miki allurar baya, idonki biyu ki ji kukan ɗanki. Aikin da aka shirya ya fi na gaggawa sauƙi nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan tsaya a kan maganar da ke ci mini rai, wato kallon da ake yi wa wadda aka yi wa aiki kamar raguwa. Wadda aka buɗe cikinta, ta tashi washegari tana dafe da ɗinki tana ba da nono, ba raguwa ba ce. Masu gudun wannan gorin su ne suke kwana biyu, uku a kan gwiwa, ɗa ya mutu a ciki, su ƙare a Babbar Ruga ta Katsina ana yi musu gyaran yoyon fitsari. Amma Hajiya ma tana da tata gaskiyar: yawan aiki ba abin so ba ne. Duk aikin da aka ƙara, haɗarin mannewar mabiyiya a ciki na gaba yana ƙaruwa, kuma ga mai son 'ya'ya da yawa wannan babban dalili ne na gwada haihuwa da kanta. Ki je da ita awo na gaba, ta ji daga bakin likita cewa ba wuƙa muke riƙe da ita muna jira ba. Sau da yawa surukar da aka zaunar aka yi wa bayani ita ke fara cewa a tafi asibiti.

Maigida ma yana da nasa aikin. Ku yi magana tun yanzu ya ba ki izinin fita a duk lokacin da naƙuda ta zo, ko yana gari ko ba ya nan, kuma a san wanda zai sa hannu idan aka buƙaci aiki. A samu lambar direba biyu, ba ɗaya ba. A san rukunin jininki, a shirya mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini, a ware kuɗi a gefe. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, don haka ku tambaya ko asibitinku yana cikin shirin, amma kada ku dogara da shi kaɗai. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Mace mai isasshen jini ta fi jure zubar jinin haihuwa. Jaka kuma ta kasance a haɗe daga wata takwas: katin awo, zannuwa, audugar mata, kayan jariri, da duk abin da asibitin ya rubuta miki.

Sauran mata mukan ce su ɗan jira a gida har naƙuda ta kankama. Ke ban da ke. Da zarar ciwon mara da baya ya fara zuwa yana dawowa a kan tsari, ko faya ta fashe ko da babu ciwo, ki kama hanya. Kada ki jira naƙuda ma idan kika ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, domin ciwon kan, dishi-dishin da kumburin nan kan riga jijjiga zuwa.

A ɗakin haihuwa za a sa miki allurar ƙarin ruwa a hannu tun da wuri, a riƙa sauraron bugun zuciyar yaro a kai a kai, domin sau da yawa shi ne ke fara nuna tabo ya soma gajiya. Za a riƙa duba buɗewar bakin mahaifa har ya kai santimita 10. Nan ne kunya ba ta da wuri. Ciwon naƙuda yana zuwa ya tafi ya bar ki ki numfasa. Idan kika ji wani ciwo daban, mai tsayawa wuri ɗaya a kan tabon, wanda ba ya saki ko naƙuda ta lafa, ko ciwo a kafaɗa, ko jiri, kada ki cije leɓe don a ce kin yi jarumta. Ki kira malamar asibiti da ƙarfi ki faɗa mata. Idan kuma sa'o'i suka wuce bakin mahaifa ya tsaya wuri ɗaya, likita ya ce a shiga ɗakin tiyata, ki yarda tun ke da yaron kuna da ƙarfi.

Idan kin je awo na gaba, ki ce a rubuta tsarin haihuwarki a jikin katin, yadda duk wanda kika tarar a bakin aiki ranar zai gani ya bi. Allah ya sauke ki lafiya, ki gaida Hajiya.