Yadda za ki riƙe majinyatanki har ƙarshen bincike

Malama, kin tambayi yadda za ki hana mutanenki ɓacewa a bincikenki na wata 12 kan waɗanda suka tsira daga haɗarin mota ko babur, bayan an sallame su daga sashen kulawa ta musamman a Gombe.

Tun mutum na kan gado ki karɓi lamba uku: tasa, ta mai jinyarsa, da ta maƙwabci. An sha rufe layuka kan batun NIN, lamba ɗaya ba abin dogaro ba ce. Ki rubuta kwatancen gida ma, mai unguwa ya san kowa.

Kuɗin mota kuwa, ki ba su hannu da hannu, a ranar da suka zo. Mai dogara sanda daga Dukku ko Kaltungo ba zai yi ta zarya don amsa tambayoyi kawai ba. Da damina ki kira da yamma, an dawo daga gona.

Abin da ya fi damuna, wanda ya daina ɗaga waya sau da yawa shi ne wanda firgita ko baƙin ciki ya danne. In waɗanda suka ɓace sun haura kashi 20 cikin 100, alƙalumanki za su iya nuna sauƙin da babu shi. Irin waɗannan, ki taka har gida.