Amsa ga Kwayamasta: Yadda Ake Neman Rubuce-rubuce kan Waƙar Kwaya ta Hanyar Fanni

Salama a gare ku 'yan'uwa mawaƙa da shugabannin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa masu rerawa tare, da ke cikin wannan zaure. Na saurari saƙon da ƙanenmu kwayamasta ya turo daren jiya, inda ya ce an ba shi aikin rubuta kundi a kan jagorancin kwaya, ya shiga intanet ya rubuta kalmar kwaya da Turanci bai samu komai ba sai bidiyo da tallan kayan kiɗa, sannan ya je laburare ya duba ya dawo da tunanin cewa babu wanda ya taɓa yin rubutu a wannan fage. Ƙanena, ka kwantar da hankalinka. Na yi shekaru ina aiki a laburare, ina kuma rera bes a kwayar ikilisiyarmu tun ina saurayi, saboda haka ina tabbatar maka cewa rubuce-rubucen suna da yawa ƙwarai. Abin da ya hana ka ganinsu shi ne ka neme su da kalmomin bakinka, alhali kuwa masu tsara littattafai sun ajiye su a ƙarƙashin wasu kalmomi nasu da suka amince da su tuntuni.

Bari in fara da wani abu da na gani da idona. Wani ɗalibi ya yi kwana uku yana zuwa wajenmu, kullum ya nufi kantar waƙa ya tsaya yana buɗe littattafai, a rana ta uku ya zo ya ce mini duk abin da ke wurin nota ce kawai, wato alamun da ake rubuta sautin waƙa da su, babu bayani ko na shafi ɗaya. Na kama hannunsa muka matsa gaba kaɗan, sai ga littattafan koyon jagorancin mawaƙa a jere. Dalili shi ne tsarin da mafi yawan jami'o'in Najeriya ke bi, wato na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya raba fannin waƙa da kiɗa gida uku. Harafin M na rubutattun waƙoƙi ne su kansu, abin da ake riƙewa a rera. ML na rubuce-rubuce ne a kan waƙa, kamar tarihi da sharhi da tarihin rayuwar mawaƙa. MT kuma na koyo da koyarwa ne. Ɗalibin nan ya tsaya a gida na farko, abin da yake nema kuwa yana gida na uku.

To kai abin da kake nema, ka rubuta waɗannan lambobi a takarda kafin ka fita. Littattafan jagoranci, wato yadda ake kaɗa hannu, yadda ake ba da alamar shiga da ta tsayawa, da yadda jagora ke nazarin waƙa kafin ya tsaya gaban mutane, suna lamba MT85. Horar da muryoyi su rera tare, sofrano da alto da teno da bes, yana MT875. Karanta waƙa kai tsaye daga takarda yana MT870, tafiyar da ƙungiyar mawaƙa kuma yana MT88. Tarihin waƙar kwaya yana farawa daga ML1500, na waƙar coci kuma yana wajen ML3000 zuwa gaba. Idan laburaren da ka je yana bin tsarin Dewey, kamar yadda yawancin laburaren jama'a da na makarantun sakandare ke yi, ka nufi 782.5 domin waƙar kwaya, 781.45 domin jagoranci, 782.27 domin waƙoƙin sujada. Sai dai ka lura da abu ɗaya: a shekarar 1989 an sake fasalin sashen waƙa na Dewey gaba ɗaya, kuma laburare da yawa ba su sauya lambobin tsofaffin littattafansu ba. Saboda haka ka leƙa 783 da 784 ma, domin a tsohon tsari can ne waƙar ibada da waƙar baka suke, kuma a irin wannan lungu ne na sha samun littattafan da babu wanda ya taɓa aronsu.

Lamba tana kai ka kanta ne kawai. Abin da ya fi ta amfani shi ne kanun fanni, wato ƙayyadaddun kalmomin da mai tsara katalog ke liƙa wa kowane littafi domin ya nuna abin da littafin ya ƙunsa, ko da sunan littafin bai faɗa ba. Littafi zai iya ɗaukar suna mai daɗi wanda ba ya nuna komai, amma mai katalog ya duba cikinsa ya ce wannan a kan jagorancin kwaya yake, ya ba shi kan da ake ba duk irinsa a ko'ina cikin duniya. Dole in faɗi waɗannan da Turanci domin haka suke a katalog. Na jagoranci shi ne Choral conducting. Na rera waƙa tare shi ne Choral singing, kuma idan ka ƙara masa Instruction and study za ka samu littattafan koyarwa zalla. Choral music tare da History and criticism na tarihi ne da sharhi. Amma idan ka ga kan da ya fara da Choruses, to ka sani rubutattun waƙoƙi ne zai kawo maka, ba bayani a kansu ba. Wannan ɗan bambanci tsakanin kalmomi biyu masu kama da juna ya ɓata wa ɗalibai da yawa lokaci.

Ga wata dabara da nake koya wa duk wanda ya zo wajena. Idan ka samu littafi ɗaya tak mai kyau, ka juya bayan shafin da ke ɗauke da sunansa. A yawancin littattafan da aka buga a Amurka za ka ga ƙananan rubutu a wurin, inda aka jera kanun fanni da lambar tsarin Majalisa da ta Dewey. Wannan ɗan sashe da mutane ke tsallakewa shi ne zai ba ka ainihin kalmomin da za ka yi nema da su. Ka ɗauke su ka shiga WorldCat, wanda katalog ne da ya haɗa bayanan dubban laburare kuma ana duba shi kyauta, ka zaɓi neman fanni maimakon neman suna. Daga nan ka koma ƙarshen littafin ka karanta manazartarsa, za ta kai ka ga abin da aka rubuta kafin shi. Sannan ka sa sunansa a Google Scholar ka duba waɗanda suka ambace shi, za su kai ka ga abin da aka rubuta bayansa.

Akwai kuma littattafan da aikinsu kawai shi ne su jera maka abin da aka rubuta, fanni bayan fanni, da ɗan bayani a kan kowanne. A tsarin Majalisa suna ML128. Wanda na fi ba da shawara a kai shi ne na Avery Sharp da James Michael Floyd mai suna Choral Music: A Research and Information Guide, wanda ya fara fitowa a 2002 aka sake buga shi da ƙari a 2011. Awa biyu da irin wannan littafi ta fi maka mako guda kana lalube a waya.

Yanzu sai maƙalu, domin katalog na laburare yana nuna maka mujalla ne a dunƙule, ba ya nuna abin da ke cikin kowace fitowa. Nan ne fihirisa ke shigowa. Mafi girma a duniyar nazarin waƙa shi ne RILM, wanda Barry Brook ya kafa a birnin New York a 1966, ya fara fitowa a 1967. Yana tattara maƙalu da littattafai da kundayen digiri daga ƙasashe da harsuna masu yawa, yana ba da tsakure na kowanne, ta yadda za ka san ko abu ya shafe ka kafin ka wahala wajen nemansa. Na kuɗi ne, cibiyoyi ke biya, don haka ka tambayi ma'aikacin laburaren makarantarku ko suna da shi. Akwai kuma Music Index da ya fara tun 1949. A fagenmu kai tsaye, ƙungiyar shugabannin kwaya ta Amurka da aka kafa a 1959 tana fitar da Choral Journal tun wannan shekara, kuma an yi wa mujallar fihirisa da aka tsara bisa fanni, inda za ka ga abin da aka rubuta a kan dabarun koyon waƙa, da daidaita murya, da kwayar yara, da furta kalmomi, kowanne a gurbinsa. Tsofaffin fitowarta suna JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, kuma mutum zai iya yin rajista a can ya karanta wani adadi na maƙalu kyauta kowane wata. Tarayyar waƙar kwaya ta duniya da aka kafa a 1982 ita ma tana da mujallarta, wadda ta fi ta Amurka waiwayar sauran nahiyoyi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin zauren nan, ku gwada chant choral da direction de chœur, za ku samu rubuce-rubucen Faransanci da mu ba ma iya karantawa.

Na ga wani ya turo maka adireshin shafin intanet na CPDL. Wuri ne mai amfani, tun 1998 yake tara rubutattun waƙoƙin kwaya kyauta, amma waƙoƙi ne na rerawa, ba zai ba ka abin da za ka kafa hujja da shi a kundi ba.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa saƙon nan ya yi tsawo, shi ne namu na gida. Idan ka nemi Choral conducting ka haɗa da Najeriya, abin da zai fito kaɗan ne, idan ka haɗa da Hausa kuwa zai ƙara raguwa. Wannan ba ya nufin ba a yi rubutu ba. Rubutun yana ɓoye ne a ƙarƙashin wasu kanu. Wanda ya yi nazarin waƙoƙin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, sau da yawa masanin tarihin ikilisiya ne ko na zamantakewa, saboda haka an ajiye aikinsa a fannin addini ko na rayuwar mata, nesa da kantar waƙa. Wanda ya yi rubutu a kan yadda aka fassara Littafin Waƙoƙi, littafin waƙoƙin sujada na Hausa, zai iya kasancewa a tarihin mishan. Don haka ka nemi Church music haɗe da Najeriya, ka nemi Hymns haɗe da Hausa, ka nemi tarihin ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM da ikilisiyoyin da suka fito daga gare su kamar ECWA da COCIN, ka duba fihirisar ƙarshen littafi ko akwai kalmar waƙa ko kwaya. Ka nemi Tonic sol-fa ma, tsarin do-re-mi da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 bisa aikin Sarah Glover, domin da shi yawancin kwayoyinmu ke koyon waƙa har yau, kuma akwai rubuce-rubuce a kan yadda 'yan mishan suka kawo shi Afirka.

Akwai matsala ɗaya da duk kwayamasta mai koyar da waƙar Hausa ya sani a aikace ko bai san sunanta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana da hawa da sauka nata, ga kuma dogon wasali da gajere. Idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan muryar waƙar da aka tsara wa Turanci, wani lokaci waƙar tana hawa inda kalmar ke sauka, sai ma'ana ta gurɓace ko kalmar ta fita baƙuwa a kunne. Idan kuma aka raba murya huɗu, kowace tana bin hanyarta, matsalar tana ƙaruwa. An yi rubutu mai zurfi a kan wannan, amma ba a ƙarƙashin jagoranci yake ba, sai ka nema da kalmomin tone and tune ko speech tone and melody. Laz Ekwueme ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Yale a 1972 a kan waƙar kwaya ta Ibo, T. K. E. Phillips na babban cocin Legas ya yi rubutu a kan waƙar Yarbawa a 1953, Ephraim Amu na Gana kuma ya yi fama da wannan tambaya a waƙoƙinsa tun kafin su. Harsunansu daban ne da namu, amma tambayar ɗaya ce, kuma a ganina kundin da ya ɗauki wannan tambaya ya gwada ta a kan kwayar Hausa zai fi amfani gare mu fiye da wanda ya sake maimaita yadda ake kaɗa hannu huɗu-huɗu. Domin kalmomin kiɗa da waƙa na Hausa su kansu, ka nemi ƙamus ɗin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971.

Wuraren da za ka samu irin waɗannan su ne mujallar African Music, wadda Hugh Tracey ya soma a Afirka ta Kudu a 1954, da AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, da mujallar ƙungiyar masana kiɗa da waƙa ta Najeriya. Kundayen ɗalibai kuma wata taska ce. Sashen kiɗa da waƙa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka shi ne na farko a jami'o'in ƙasar nan, kuma jami'o'i da dama sun fara ɗora kundayensu a intanet. Makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru da JETS da ke Jos su ma wurin zuwa ne da ƙafa, domin a irin waɗannan makarantu za ka iya samun rubutun ɗalibai a kan sujada da waƙa cikin Hausa, kuma ba duk abin da ke kantarsu ba ne ya shiga intanet.

Ƙanena, ga abin da nake so ka yi cikin wannan mako. Ka koma laburaren nan, kada ka ce wa ma'aikacin kana neman littafin kwaya, ka ce masa ya nuna maka MT85 da MT875, ko 782.5 idan Dewey suke bi. Ka buɗe ɗan littafin rubutu, duk kan fannin da ka gwada ka rubuta shi da inda ka gwada shi da abin da ya fito, domin malamin da ke duba aikinka zai tambaye ka yadda ka yi nema. Littafi na farko da ka samu, ka ɗauki hoton bayan shafin sunansa ka turo nan zaure, ni kuma zan nuna maka waɗanne kalmomi za ka ɗauka daga ciki ka ci gaba da su. Allah ya ba da sa'a, a gaida mawaƙanka.