Me ya haɗa mu da Bature mai laima?

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ka ce an ba ka labarin idan muka taru a gidan ɗayanmu a nan Manchesta ta Ingila ranar Asabar, sai a kunna wa manya da yara wani tsohon shirin Turawa, wani kashin ma baƙi da fari, alhali ga finafinan Hausa cike da waya. Har ka tambaya ko mun fara sakin namu ne. Ba mu saki ba, amma tambayar ta cancanci amsa.

Shirin sunansa The Avengers, kuma ba shi ne na Amurka da yaranka suke kallo ba, mai jarumai masu tashi sama. Wannan na Ingila ne, tashar ITV ta nuna shi daga 1961 zuwa 1969, kashi 161. Jigonsa wani jami'in leƙen asiri ne, John Steed, wanda Patrick Macnee ya fito a matsayinsa: kullum cikin kwat, da hula kamar an kifa ƙwarya, da laima a hannu ko ba hadari. Da wuya ka gan shi da bindiga. Macnee ya yi yaƙin duniya na biyu a sojan ruwa, ya dawo ba ya sha'awar riƙe ta, don haka da laimar da hular da iya magana Steed yake gamawa da abokan gaba. Abokan aikinsa da aka fi sani mata ne: Honor Blackman, sai Diana Rigg a matsayin Emma Peel daga 1965, sai Linda Thorson a ƙarshe. A zamanin Emma Peel ne labaran suka koma na almarar kimiyya. Akwai mutum-mutumin ƙarfe da ake aikawa ya yi kisa, akwai gidan da na'ura ke sarrafawa ya kulle mutum a ciki, akwai wanda aka tarar ya nutse a tsakiyar gona saboda wani ya ƙera injin saukar da ruwan sama.

Dalilin kallon kuwa ya faro ne daga hunturu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kafin shida an yi isha'i, ga sanyi ba mai fita. Ba dandali, ba zaman ƙofar gida, ba maƙwabcin da za ka tura yaro wurinsa. Zumuncinmu duk a falo yake: yara sun dawo daga Islamiyya, an ci tuwon semo da miyar kuka, sai dogon dare ya rage. Dole a sami abin da dattijo zai zauna a gabansa da 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A ƙasar nan doka ta ba tashoshi damar nuna abin manya bayan ƙarfe tara, intanet kuwa ba ta da ƙarfe tara. Wannan shiri masu yin sa sun ɗora wa kansu ƙa'idar kauce wa nuna jini, kuma tsakanin Steed da Emma Peel ba ka jin komai sai ladabi da zolaya. Har ta bar shirin Steed bai daina kiran ta da sunan mijinta ba, ban da sau ɗaya a ranar rabuwa. Dattawanmu da suka zo karatu tun shekarun 1960 sun san shi tun yana sabo, su suka gadar mana.

Ba duka muke haɗiyewa ba. Steed ba ya rabuwa da kwalbar giyar shamfen, kuma kayan da Emma Peel take sawa sun matse ƙwarai. Akwai gidajen da saboda haka ba sa kunna shi sam, ba kuma wanda ya ga laifinsu. A gidana nakan tsayar, in yi wa yara magana da Hausa, su mayar mini da tasu Hausar mai gargada. Rabin amfanin zaman ke nan a wurina.

Abin da ya fi tayar da muhawara shi ne Ingilar da shirin ya zana. Titi fayau ba jama'a, ba talaka, ba ɗan sanda, kowa mai kuɗi ne ko ɗan babban gida. Brian Clemens, babban marubucinsa, ya faɗa da bakinsa cewa da gangan suka bar baƙar fata a waje, wai don duniyar ta mafarki ce. A shekarun nan kuwa mutanen Karibiyan da Afirka da Indiya ne suka cika asibitoci da motocin haya suna aiki. Ina so yarana su ga wannan da idonsu, su gane cewa ƙasar da aka haife su ta taɓa yin mafarkin kanta ba tare da su ba, kuma su ji shi a gabana, inda za su iya tambaya.

Kashin da nake so ka nema shi ne na 1966 mai suna Small Game for Big Hunters, wanda ya saɓa wa waccan al'adar, don baƙar fata ya fito a ciki. Wasu tsofaffin 'yan mulkin mallaka ne da aka kora daga wata ƙasa ta ƙage, Kalaya, suka shirya sakin ƙudan tsando mai ɗauke da ciwon barci don su durƙusar da ita su koma su mallake ta. Jami'in da sabuwar gwamnatin Kalaya ta turo ya bankaɗo su, Paul Danquah ne ya fito a matsayinsa, ɗan J. B. Danquah na Gana, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fafutukar 'yancin ƙasarsu. Wasu cikinmu suna ganin kashin ya tona asirin masu kewar mulkin mallaka, wasu suna ganin ganguna da tsafin da aka cusa a ciki sun maimaita tsohon raini ne. Ni ina tare da na farkon, matata tana tare da na biyun. Idan ka kalla, ka faɗa mini ɓangaren da ka ɗauka.